Kundin kiwon ƙwari don ƙadangarun gemu, daga Ketu, Legas

5 ga Afrilu, 2025

Ƙadangarun guda biyu ne, irin na Ostareliya da masana ke kira Pogona vitticeps, masu ƙayoyi a ƙarƙashin haɓa da suke kumburawa ta yi baƙi idan an ɓata musu rai. A nan Legas aka ƙyanƙyashe su, kuma wanda ya sayar mini ya ce watansu uku. Kowanne da akwatinsa, don ba sa zaman tare: babba kan danne ƙarami ya hana shi ci, ya hana shi wurin ɗumi. Akwati da fitilu an gama da su. Saura abinci, kuma shi ya sa na buɗe wannan kundi.

Idan sun girma, ganye ne yawancin cimarsu. Amma yanzu da suke tasowa ƙwari suke so, masu rai, kullum, sau biyu ko uku a yini. Ƙa'idar da masu kiwo suka yarda da ita: kada girman ƙwaro ya wuce tazarar da ke tsakanin idanun ƙadangaren, don wanda ya wuce haka yana iya toshe masa ciki. An haɗo ni da gyare ɗari a kan N9,000. Babban kaɗai yana lashe ashirin a zama ɗaya, har yana neman ƙari. Wanda ya san lissafi ya san wannan ba mai ɗorewa ba ne, balle a ɗora kuɗin ɗan aike daga can tsibirin Legas. Dole in kiwata da kaina.

9 ga Afrilu

A rumfarmu ta kasuwar Mile 12 an yi ta ba ni shawara, duk da kyakkyawar niyya. Wani ya ce ƙadangarun da ke kan katanga wa ke ciyar da su? A sake su a tsakar gida su yi kiwo. Wani ya ce ga kyankyaso nan kyauta a kowane lungu. Na ƙi, kuma ga dalili.

Ostareliya ta hana fitar da namun dajinta tun shekarun 1960, saboda haka waɗannan jikokin jikokin na keji ne. Ba su san ƙwaron ƙasarmu ba, ba su san mai dafi da marar dafi ba. Duk abin da ya motsa sai su kai masa baki. Kyankyason Legas kuwa daga kwata yake fitowa, ya bi ta ɗakin da aka fesa magani, ya fito yana tangaɗi, kuma mai tangaɗin shi ne mai sauƙin kamu. Duk abin da ke cikin ƙwaro, ko guba ko tsutsar ciki, cikin ƙadangaren zai ƙare.

Soyayyar fara da ake kawowa daga Arewa ma ba ta cikin lissafi: ga mai, ga gishiri, ga yaji, kuma matacciya ce. Tsutsar bishiyar kwakwar manja da mutanen Kudu ke gasawa kitse ce zalla.

Hadisin matar da ta kulle kyanwa, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta ci ƙwarin ƙasa ba, yana yawan faɗo mini a rai kwanakin nan. Ni na kulle su, don haka abin da zai shiga bakinsu yana wuyana.

Na tsayar da biyu: gyare, da tsutsar baƙin ƙudan nan da masu kiwon kifi ke ce wa BSF.

12 ga Afrilu

Sayayya. Manyan robobi biyu masu murfi da santsin ciki, N23,000. Ragar taga ta alminiyam, yadi biyu, N5,000. Ta leda ba ta yi, gyare na cinye ta. Kiret ɗin ƙwai na kwali guda ashirin, N3,000. Abincin 'yan tsaki da dusar alkama daga Oko-Oba, N4,500. Gyare manya ɗari biyu na iri, N16,000.

Na yanke tsakiyar murafen na manna raga. Kiret-kiret na jera su a tsaye don kashi ya riƙa zuba ƙasa. Ruwa ba a ajiye musu a buɗe, nutsewa suke yi ko a murfin kwalba, sai auduga jiƙaƙƙiya a faranti da yankan karas. A kusurwa na sa robar ayis kirim cike da ƙasa mai danshi, wadda na fara gasawa a tsohuwar tukunya don kashe abin da ke ciki. Nan matan za su saka ƙwai. Mace ana gane ta da dogon tsinke a bayanta, da shi take soka ƙwai cikin ƙasa. Namiji shi ne mai kuka.

17 ga Afrilu

Lafiya lau. Mata sun hau kan ƙasar suna aiki. Ƙaramin ya fara saɓa, cinsa ya ragu kaɗan, haka suke yi.

22 ga Afrilu

Na hau bas ɗin BRT daga Mile 12 zuwa Ikorodu, na wuce wajen Odogunyan inda gonakin kifi suke, neman tsutsa. Ba farashi na fara tambaya ba, abin da tsutsar ke ci na fara tambaya. Wuri na farko da kashin kaji suke kiwonta. Ga tarwaɗa wataƙila babu laifi, kuma mutumin bai ɓoye mini ba, amma na yi godiya na wuce. Wuri na biyu dusar alkama ce da ragowar 'ya'yan itace. Na sa hannu cikin tiren: ɗumi kamar an sauke daga wuta, tsutsar tana ta juyi, farare ƙal masu kauri, warin tsami ne kawai ba na ruɓa ba. Rabin kilo na ƙanana, N1,500.

Abin da ya sa na dage a kan wannan tsutsa shi ne kalsiyam. Yawancin ƙwari fosfaras ya fi kalsiyam yawa a jikinsu, a gyare ma ya ninka shi sau da dama, alhali ƙadangare na bukatar kalsiyam ya fi yawa, kusan ninki biyu. Idan ya rasa, jiki sai ya riƙa zarar na ƙashi: muƙamuƙi ya yi laushi, ƙafafu su karkace, a ga yana rawar jiki. Tsutsar baƙin ƙuda tana cikin 'yan kaɗan da suke da kalsiyam mai yawa tun asali.

Mai gonar ya nuna mini uwar. Baƙa ce siririya, wanda bai sani ba sai ya ɗauka zanzaro ce, amma ba ta harbi, ba ta cizo, ba ta kuma damu da shiga ɗaki ta sauka kan abinci ba. Kwanaki kaɗan take yi a duniya, ta saka ƙwai wajen ɗari biyar a cikin tsaga kusa da abu mai tsami, ba a kansa ba. Ya ce mini, "Aboki, ba sai ka sayi iri ba, suna nan cikin unguwarku. Ka jiƙa dusa ka rataya kwali, za su zo."

Da yamma babban ya cinye goma sha biyar ba ɗagawa. Ƙaramin ya tsaya yana karkata kai yana kallo, sai da ɗaya ta yi birgima sannan ya cafke.

29 ga Afrilu

An yi ruwa mai ƙarfi shekaranjiya, da dare shinge ya fito, yara suka cika kwano a ƙarƙashin fitilar ƙofar gida. Ɗana ya zo da murna: "Baba, ga na ƙadangaru." Na zaunar da shi na yi masa bayani, don shi ke taya ni ba su abinci idan ina kasuwa. Shingen kansa ba dafi gare shi ba, sai dai maiƙo, amma ban san daga wane rami ya fito ba, kuma a unguwar nan kowa na zuba maganin gara a gindin gininsa. Aka soya musu suka ci abinsu, kamar yadda muke yi muna yara.

Biyu na ja masa kunne a kansu sosai. Na ɗaya maƙesu, ƙwaron nan mai walƙiya da dare. A Amurka an tabbatar guda ɗaya ya isa ya kashe ƙadangaren gemu, kuma ba ni da niyyar gwada namu na nan. Na biyu farar nan mai ado, kore da rawaya da baƙi da ɗigon ja, wadda ke cika gonar rogo, Zonocerus variegatus. Tana cin ciyawar da Yarabawa ke kira Akintola, ta tara dafinta a jiki, shi ya sa take tafiya a hankali ba ta tsoron tsuntsu. Akwai ta a kangon da ke bayan layinmu, yaro na iya kama goma da hannu. Na ce masa duk ƙwaron da bai fito daga robobinmu ba, haramun ne ga akwatin nan.

6 ga Mayu

Asara ta farko. Tun Asabar ake ruwa, rana ba ta fito sosai ba, wuta kuma babu, fanka a tsaye. Da na buɗe robar gyare da asuba wani wari mai hawa kai ya buge ni, irin na makewayin da ba a wanke ba. Kiret-kiret sun yi laushi sun lanƙwashe, abincin 'yan tsakin ya dunƙule ya yi funfuna kore, ƙasan roba kuwa gawa ce baƙi ƙirin. Masu rai suna kwance a gefe suna harba ƙafa. Fiye da rabi sun tafi.

Yadda abin yake: gyare ɗaya in ya mutu a wuri mai laima nan da nan yake ruɓewa, ya fitar da amoniya, iskar ta taru a cikin roba, ta kashe na kusa da shi, su ma su ƙara. A Kano da zafin bazara gawar bushewa za ta yi kawai. A Legas da damina laimar iska kan haura kashi 80 cikin ɗari, babu abin da ke bushewa. Ragar murfi kaɗai ba ta isa ba, tunda iska ba ta ratsawa ta ƙasa.

Na kwashe masu lafiya zuwa bokiti, na ƙona kwalayen, na wanke robar da ruwan zafi ba sabulu mai ƙamshi, na shanya. Na yanke tagogi biyu a ɓangarorin kowace roba, ƙasa-ƙasa, masu kallon juna, na manna raga. Audugar ruwa na cire ta gaba ɗaya, karas da kabewa sun isa, kuma duk yankan da ya kwana a cire shi. Abinci busasshe kaɗan-kaɗan, abin da za su cinye a yini. Tsintar gawa safe da yamma ta zama dole.

Waɗanda suka tsira ban ba ƙadangarun ko ɗaya ba. Tsutsa ce ta rufa asiri. Robar ƙwai, Alhamdu lillahi, tun makon jiya na ware ta a wani wuri.

Kashewa: sabbin kiret N1,500, ƙaramar fanka mai caji N11,000.

10 ga Mayu

Ba mutuwa yau. An ɗan ga rana, na fitar da ƙadangarun cikin kejin waya da hantsi, rabi a inuwa. Gilashi na tare hasken UVB, wato ɓangaren hasken rana da jikinsu ke bukata, don haka ajiye su a bayan taga ba ya amfana komai.

19 ga Mayu

Labari mai daɗi biyu. Ƙwan gyare sun fashe. Da farko na ɗauka ƙasar ce ke motsi. Sai da na haska tocila na ga 'ya'yan, farare-farare, ba su kai ƙwayar gero ba, ɗaruruwa. Na daka musu abincin 'yan tsaki ya yi laushi. Ɗigon ruwa ɗaya na iya nutsar da su, saboda haka ko raɓar da ke taruwa a jikin roba sai na goge. Nan da mako shida zuwa takwas za su zama manya, amma tun suna mako biyu zuwa uku sun kai girman bakin ƙaramin.

Na biyu, bokitin da na ajiye a bayan ɗaki. Dusar alkama na jiƙa, na haɗa da dusar awara da wata maƙwabciya ke ba ni kyauta, da ɓawon abarba da kankana daga kasuwa, na rataya yankakken kwali a sama yadda ramukansa ke kallon waje. Ƙudan gida ne suka fara zuwa, uwargida ta yi magana, na ba ta haƙuri. Yau na ga ramukan kwalin sun toshe da wani abu mai ruwan madara, kamar an cusa garin rogo: ƙwan baƙin ƙuda ne. Cikin kwana huɗu suke fashewa su faɗa kan abincin. In suka yi yawa su da kansu ke korar ƙudan gida.

Tumatir da ganyen da ake zubarwa a kasuwa kuwa, duk da ina samunsu buhu-buhu, na daina ɗauka sai wanda na san gonarsa. Mu da ke harkar mun san yadda ake feshi ana gobe za a tsinka.

27 ga Mayu

Tururuwa. Da tsakar dare suka yi layi ta ƙafar tebur, suka bi ta ragar gefe, suka shiga robar 'ya'yan gyare. Da safe na tarar kowace na ɗauke da ɗa guda, layi har bakin ƙofa. Ƙadangaren bakin tulu ke nan: in fesa magani in kashe abin da nake kiwo, in bar su su kwashe shi tas.

Da hannu aka yi aikin, ni da yaron. Muka ɗaga kwalayen ɗaya bayan ɗaya muna kaɗe 'ya'yan cikin wata roba, muna murƙushe tururuwar da yatsa. Ya ɗauke mu har azahar, ban je kasuwa ba. Na bi layin har raminsu a gindin katanga na zuba tafasasshen ruwa. Ƙafafun tebur huɗu yanzu suna cikin gwangwanayen madara da ruwa da ɗigon sabulu, na shafa basilin zagaye da kowace roba, na janye teburin daga bango. Ko igiyar caji ta taɓa shi gada ce, na ɗauke.

Kamar kashi ɗaya cikin uku ya tafi. Sauran sun isa.

8 ga Yuni

Barka da Sallah. An kawo shawarar a zuba wa tsutsa tumbi da ragowar kayan ciki. Tana ci, amma wari da ƙudan da zai jawo ba na gidan haya ba ne. Ban zuba ba. Girbin farko daga bokitina: gwangwanin madara uku.

14 ga Yuni

Dattijon da ke ɗakin kusa da namu ya yi feshin fiya-fiya saboda kuɗin cizo, ya buɗe taga don iska ta fita, tagar kuma tana kallon barandar da robobina suke. Ina dawowa na ji warin. Gyaren da ke robar sama duk sun juya ciki sama suna karkarwa. Na zubar da robar gaba ɗaya, har da waɗanda ke tafiya da ƙafarsu, don wanda ya shaƙa bai mutu ba shi ne abin tsoro. Ta ƙasa, mai 'ya'yan, tana lulluɓe da buhu saboda feshin ruwa, ta tsira. Duk da haka sai na ga mako ya wuce ba mai mutuwa kafin in ba da ko ɗaya. Ƙadangarun suna cikin ɗaki, ƙofa a rufe, ba abin da ya same su.

Bayan magariba na je na gaishe shi. Na ce, "Baba, wata alfarma nake nema. Duk ranar da za a yi feshi, a aiko yaro ya faɗa mini tun da safe." Ya yi salati, ya ce, "Wallahi ɗana ban san abin zai kai can ba." Ya so ya biya, na ce a'a, gidansa ne, kuma kuɗin cizo ba abin zama da shi ba ne. Na kuma roƙe shi ya riƙa fita daga ɗakin in ya fesa, don maganin nan ba ƙwari kaɗai yake illatawa ba. Mun rabu a kan zai sanar.

Na mayar da tebur ɗaya ɓangaren, bayan kicin.

21 ga Yuni

Na kai kashinsu wurin likitan dabbobi a duba, N10,000. Ya ce akwai ƙwan tsutsar ciki kaɗan a na babban, abin da ba a rasa shi a irinsu, bai kai a ba da magani ba, a maimaita nan da wata uku. Ya matsa muƙamuƙinsu ya ce ƙashi da ƙarfi.

Na tambaye shi zancen hodar kalsiyam, don 'yar robar da ake shigowa da ita ta kai N18,000. Ya yarda da ɓawon ƙwai, tunda kusan dukkansa kalsiyam kabonet ne: a tafasa, a busar sosai, a daka, a tankaɗe da rariyar laushi har ya zama kamar hoda. Garin ƙashi na masu abincin kaji kuwa ya ce kada in kusance shi, fosfaras ne cike. Amma ya ja hankalina cewa kalsiyam ba ya shiga jiki sai da bitamin D3, shi kuma sai da UVB, don haka fitila da rana ba abin wasa ba ne, kuma a canza fitilar duk shekara ko da tana haske.

Yadda nake yi yanzu: gyaren da za a ba su gobe, yau nake ware su a ƙaramar roba da ganyen zogale da ugu da kabewa su cika ciki. Da safe in zuba su a leda da ɗan tsunkulin hoda, in girgiza su yi fari, in ba da nan take kafin su kakkaɓe. Wanda ba a ci ba in fitar da shi kafin dare, don gyare na cizon ƙadangare yana barci. Tsutsa ba na sa mata hoda. Wani lokaci takan fito a kashi yadda ta shiga, musamman manya masu taurin fata. Tun da na koma ba da matsakaita abin ya ragu.

5 ga Yuli

Lissafi: tun daga Afrilu kayan kiwo da iri da likita sun ci kimanin N95,000, har da gyaren da na sake saya bayan feshi. A makonni biyun nan kuwa ban kashe komai ba sai N2,000 na dusa. Babban ya kai tsawon tafin hannuna biyu har da wutsiya, ƙaramin na biye, kuma duka sun fara taɓa ganye da kansu.

Tsutsa ta fi ƙarfin bakinsu, rarar tana zuwa wa kajin maƙwabta. Waɗanda suka yi baƙi suka daina ci suna hawowa ta bututun da na jingina, su faɗa gwangwani mai garin katako. Su nake bari su zama ƙuda don iri ya ci gaba. Gyare zagaye na biyu sun fara saka ƙwai.

Na so ƙara kyankyason dubiya na Kudancin Amurka. Ba ya hawa roba mai santsi, ba ya kuka, ba shi da wari kamar gyare, haihuwa yake yi ba ƙwai a ƙasa ba, kuma ya fi nama. Sai dai yana ɗaukar wata huɗu zuwa shida kafin ya balaga, irin na da tsada, kuma uwargida ta ce, "Malam, tsutsa na yi haƙuri, gyare na yi haƙuri, kyankyaso kam a'a." Tana da gaskiya, gidan ba nawa ni kaɗai ba ne, ga maƙwabta. An ajiye wannan.

Abin da ke gaba: robar gyare ta uku, don a riƙa samun ƙanana da matsakaita da manya a lokaci guda, kuma in annoba ta faɗa wa ɗaya kada ta haɗa da sauran. Zan yi aikin a tsakiyar Agusta in ruwa ya ɗan tsagaita. Zan dasa zogale a buhuna biyu a bayan ɗaki, in huta da tambayar inda ganye ya fito. Sannan in nemi kafinta ya yi wa bokitin tsutsa rumfar kwano kafin ruwan Satumba; na tanadi N15,000 don haka.